Gargaɗi ga masu Hilux: ku kiyayi mai tallar taya bibbiyu a baya

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motocin ɗaukar kaya. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ban faɗa ba, sai makon jiya na ji wani bawan Allah a tasha yana neman rance don ya tura wa mai tallar taya bibbiyun nan kafin alƙalami. Nan na ga shiru ba zai yi ba.

Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, don lambobin wayar sun fi ɗaya, da ke yawo da talla a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp. Bidiyon yakan fara da ƙatuwar mota 'yar Amurka mai taya bibbiyu a baya tana jan tirela. Sai a nuno Hilux an yi mata irin haka, tayoyi masu faɗi sun ɓullo waje da jikin mota, an shafe su da mai suna ƙyalli. Murya na cewa kayan daga Amurka suka zo, motarka za ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka har da ƙari, kuma saiti kaɗan ya rage.

Ni hatsi nake ɗaukowa daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowane sawu sai ka yi masa lissafi kamar na kuɗin asibiti. Duk wanda ya ce maka sawu biyu zai koma ɗaya, ya taɓa maka inda ke maka ƙaiƙayi. Na tura rabin kuɗi ta asusun da ba sunan shagon ne a kai ba. Ya ce na ƙaninsa ne, na yarda.

Ni kayana sun zo, kuma da ma ba su zo ba. Yaransa biyu suka same ni a wani fili bayan gidan mai, ba gareji ba, da jak da sifana. Faranti biyu na ƙarfe masu kauri an fesa musu baƙin fenti, dogayen bolti, rim huɗu, da tayoyi huɗu masu faɗin milimita 285, zanensu zurfi kamar sababbi. Cikin awa ɗaya suka ɗaure, suka karɓi cikon kuɗi, suka hau babur. Motar ta yi kyau a ido, wannan ba zan musa ba. Har mutane suka taru suna ɗaukar hoto.

Sawu na uku abin ya faru. Na yi lodin masara da ya wuce ƙa'ida, don abin da na biya kuɗi a kai ke nan. Muna kan kwalta yaron motata ya ce, "Maigida, ina jin ƙaurin roba." Na ce ko wani ne ke ƙona shara. Ba mu yi nisa ba sitiyari ya fara rawa a hannuna, na ji wani ƙara a baya kamar an karya icen kirya, gindin motar ya zauna a hagu. Tayoyin nan biyu suka fice tare a haɗe, suka wuce mu suna gudu, suka tsallaka titi suka faɗa gonar wani. Da akwai mai babur ko yaro a wurin, da yanzu wani labarin ake yi. Allah ya tsare, ya kuma sa ba gudu nake ba.

Bakaniken da ya zo ya duba dattijo ne da ya tsufa a kan manyan motoci. Ya tsuguna, ya ɗauki guntun bolti ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya nuna mini inda aka yi walda aka ƙara masa tsawo sannan aka goge wurin. Ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin? Wannan ai ba ƙarin ƙarfi ba ne, ƙarin hanyar lahira ne." A bakinsa na fahimci abin da ya kamata in sani tun kafin in tura ko kwabo.

Motocin Amurka da ake nunawa a bidiyon, irin su Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500, tun daga kamfani aka gina su da taya bibbiyu. Bolti takwas ne a ƙafarsu, kuma an tsara bayan ta yadda nauyin kaya ke zama a kan boris biyu (ƙarfen da taya ke juyawa a kansa) da ke jikin bututun ƙafar, shaf kuwa, wato sandar ƙarfen da ke cikin bututun, aikinsa juya taya kawai. Hilux kuwa galibi bolti shida ne, boris ɗaya a kowane gefe, kuma shaf ɗin da ke juya tayar shi ne dai ke ɗauke da nauyin. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, wato kamar buhu goma na kilo 100, kuma a cikin lissafin har da kai da yaronka. Ƙara mata taya ba ya canja sifirin, ba ya canja shasi, ba ya canja birki. Abin da ya fi muni, farantin nan yana tura nauyin waje, nesa da boris. Ɗauki bokiti cike da ruwa a jikin cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin a kafaɗarka. Haka boris da bolti ke ji a kowane rami da ka faɗa.

Faɗin tayar ma da ake talla da shi illa ne. Masu taya bibbiyu na asali siraran taya suke zuwa da su, 235 ko 245, domin dole a bar rata tsakanin biyun. Taya in ta ji nauyi cikinta yakan buɗe ta ƙasa. In babu rata sai su riƙa gogar juna, su ɗau zafi, ga tsakuwa tana maƙalewa a tsakani tana cin gefen. Ƙaurin da yarona ya ji ke nan. Da muka raba nawa, gefen kowacce ya yi santsi, har zaren ciki ya leƙo. Kuma ku duba jikin tayar ɗaukar kaya, za ku ga lamba biyu kamar 120/116. Ta farko tana nuna nauyin da za ta ɗauka ita kaɗai, kilo 1,400, ta biyu in an haɗa ta da 'yar uwarta, kilo 1,250. Masu ƙera tayar da kansu sun ce in an jera su ƙarfin kowacce raguwa yake.

Sai babbar ha'incin, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Kowace taya tana da ranar haihuwa a jikinta, bayan haruffan DOT, lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015. Galibi gefe ɗaya kawai ake buga wannan lambar. Yaran nan sun ɗaura tayoyin ta yadda gefen mai lamba na ta ciki da na ta waje suka fuskanci juna, suka ɓuya a ramin da ke tsakani, inda ido ba ya kaiwa. Da muka buɗe, biyu sun haura shekara goma, biyu kuma an kankare lambar da injin guga. Kamfanin Michelin kansa yana cewa taya in ta kai shekara goma a sauke ta, komai kyan fuskarta. Zanen da na gani mai zurfi kuwa sassaƙa shi aka yi da wuƙa mai zafi a kan tayar da ta riga ta suɗe. In ka shafa cikin zanen za ka ji kaushi, kuma layin ba ya tafiya daidai. Tayar da aka yarda a sake yi wa zane ta manyan motoci ce, ita ma sai an rubuta haka a jikinta. Irin waɗannan tsofaffin tayoyin suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su Najeriya.

Na kira mutumin a bakin titi, ya ɗauka, ya ce ni na yi lodi fiye da kima, shi da ya yi mini alkawarin lodin da bakinsa. Kira na biyu ya toshe lambata. Bayan kwana kaɗan shafin ya canja suna, bidiyon dai su ne, muryar ita ce. Daga baya na haɗu da mutum biyu da suka tura masa kuɗi, su ko faranti ba su gani ba, kullum kaya na tashar ruwa a Legas.

Wanda lodinsa ya fi ƙarfin Hilux, ya tara kuɗinsa ya nemi Canter ko Dyna, waɗanda aka haifa da taya bibbiyu. Wanda kuma aka riga aka ɗaura masa, don Allah kada ya ƙara ko sawu ɗaya. Ya kai wa bakaniken da ya sani a sauke, a duba boris da shaf da ramukan bolti, don nawa sun ci har sun koma kamar ƙwai. Ni na kai ƙara ofishin 'yan sanda da takardar tura kuɗi da hotunan hirarmu, na kuma ajiye farantin da guntayen boltin a matsayin shaida. Duk wanda abin ya shafa ya adana nasa, kada ya goge saƙo ko ɗaya, ya sanar da bankinsa lambar asusun da ya tura wa kuɗin. Motata tana gareji har yanzu, ana neman shaf na hagu.