Sayen bashin gwamnati da araha ko caca kan faɗuwarta

Ɗan kasuwar Maradi da ke sayen gero da kaka ya ɓoye sai bazara zai gane hanya ta farko ta cin riba daga bashin gwamnati: a sayi takardun bashin ƙasar da ta shiga uku da araha, a jira. Haka kamfanin zuba jari na Elliott, na attajirin Amurka Paul Singer, ya yi wa Arjantina, wadda ta kasa biyan bashi a 2001. Galibin masu bin bashi suka yafe mafi yawan kuɗinsu, shi ya ƙi. Ya yi ta shari'a a Amurka, har ya sa aka tsare jirgin ruwan sojan ƙasar a Tema ta Gana a 2012. A 2016 aka biya shi sama da dala biliyan 2.

Hanya ta biyu inshora ce da ake kira CDS. Kana zuba kuɗi lokaci-lokaci, in ƙasa ta kasa biya a biya ka, ko da ba ka bin ta ko dala. Da Girka ta rage bashinta a Maris 2012, masu wannan inshora sun karɓi kuɗi.

Ta biyun ta fi damuna, domin mai ita addu'arsa ƙasa ta faɗi. Ta farkon ma daga baitulmali ake biya, kuɗin asibiti da makaranta ne.