Kufena, Shere ko Kagoro: wanne za ka hau, kuma wa zai kai ka?

Tun da hawan dutse ya shiga ran matasan Zariya, da wuya mako ya wuce ba a turo mini saƙo ba: Malam, Kufena za mu hau ko mu tara kuɗi mu tafi Jos? Wasu ɗaliban Samaru ne da suka gama jarrabawa suna neman shan iska, wasu ma'aikata ne da likita ya ce su riƙa motsa jiki, wasu kuwa hoton da za su sa a Facebook ne ya dame su. Na hau Kufena sau da yawa, na hau Dala, na je Shere, na kuma taɓa zuwa Kagoro. An kuma taɓa cin kuɗina a wannan harka, har aka kusa jawo mini abin da ya fi asarar kuɗi. Shi ya sa idan aka tambaye ni wane dutse, nakan fara da tambayar wa zai yi muku ja-gora.

Ni dai Kufena nake so, ba zan ɓoye ba. Ga wanda ke zaune a Zariya, daga Tudun Wada ko Ƙofar Doka keke ko acaɓa zai kai shi Wusasa ba tare da ya yi shirin tafiya ba. Ka fita bayan sallar asuba, ka hau, ka zauna a sama gwargwadon yadda ranka yake so, ka sauko ka yi azahar a gida. Babu kuɗin masauki, babu doguwar hanyar da za ka yi ta addu'a a kanta, kuma idan wani abu ya faru asibitin Wusasa yana nan kusa da gindin dutsen. Wannan na ƙarshe ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da na buƙace shi.

Abin da ake gani daga sama shi ne ya sa nake komawa. Birnin Zazzau yana shimfiɗe ta gabas, da rufin kwanonsa da rimayensa, sannan Tudun Wada da Sabon Gari, can arewa kuma Samaru, inda dogon ginin Majalisar Jami'ar Ahmadu Bello ya fita daban. Idan ka yi sa'a za ka ga ƙananan jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Sufurin Jiragen Sama suna kewaya gari. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin layukan Zariya a ƙasa, ran da ya tsaya a nan yakan yi shiru na ɗan lokaci, yana neman unguwarsu da ido.

Kuma dutsen ba dutse ne kawai ba. Tarihin baka ya ce daga Turunku aka taso da sarautar Zazzau zuwa Kufena a zamanin Bakwa Turunku, mahaifiyar Sarauniya Amina, a ƙarni na 16, kafin birni ya kafu a inda yake yanzu. Har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen wajen, wadda baƙo zai wuce ta ya ɗauka tudun ƙasa ne kawai idan ba a nuna masa ba. Da ka sauko kuma ga cocin St. Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina a 1929 da ƙasa, ginin Hausa sosai, ga kuma Kwalejin Kufena da ta ci sunan dutsen. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Duk wannan a safiya ɗaya.

Amma in faɗi gaskiya, wanda ke neman kurmi mai duhu ba zai same shi a Kufena ba. Falalen dutse ne da manyan ƙunduƙun duwatsu, itatuwa da ciyayi suna cikin kwazazzabai da gindin dutse. Saboda haka lokaci ne ke gyara shi ko ya ɓata shi. Ƙarshen damina, daga bayan tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, shi ne lokacinsa: ƙasa kore shar, dawa ta yi kai a gonaki, ruwan sama ya wanke sararin sama, ido yana kaiwa nesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe gari, ka sha wahalar hawa ka tarar da fari fat a gabanka. Maris da Afrilu dutse yakan ɗau zafi tun hantsi, tafin hannu ma ba ya jure dafa shi. A tsakiyar damina kuma falale yana santsi, kuma saman dutse ba wurin tsayuwa ba ne idan hadari ya taso, saboda tsawa. Wani abu da masu ɗaukar hoto ba sa lura da shi: tunda birni yana gabas da dutsen, da safe rana tana cikin idonka idan ka fuskance shi. Hasken la'asar ya fi fito da birnin, sai dai ni ba na yarda magariba ta riske ni a sama, don haka na haƙura da hoton la'asar.

Shere, a gabashin Jos, ya fi Kufena tsawo nesa ba kusa ba, ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,829, ga sanyi ga iska mai daɗi, kuma akwai cibiyar horar da matasa ta Man O' War a wajen, wato akwai mutanen da hawan dutse sana'arsu ce. Wanda ya riga ya saba, yana da kuɗin mota da na kwana biyu, ya je. Amma ba wurin fara koyo ba ne, kuma tafiyar ta Pambeguwa da Saminaka takan cinye maka rabin yini kafin ka taka dutse. Kagoro, a ƙaramar hukumar Kaura, shi ne mai itatuwa da duhuwa na gaske, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Sai dai kafin ka tashi sai ka tambayi lafiyar hanya a makon da za ka je, ba labarin watan jiya ba. Dala na Kano matakala ce za ka taka ka hau cikin 'yan mintoci, gidaje sun kewaye shi, ziyara ce ba hawa ba. Kajuru kuwa gini ake zuwa kallo, wanda wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980.

To, ga abin da ya same ni. Wata shekara cikin watan Maris na ga talla a Instagram, wasu matasa sun shirya hawan Kufena. Hotunan sun yi kyau, har da kurmi da ruwa yana zubowa daga dutse. Na san babu wannan a Kufena, amma na ce ƙila ado ne na talla. Suka ce kuɗin ya haɗa da mota da ƙwararren ja-gora da ruwan sha da akwatin magani. Na biya wa kaina da 'yar yayata da ƙanenta, kuɗin gaba ɗaya kafin ranar. Aka ce mu haɗu a Kwangila da ƙarfe bakwai. Mota ba ta zo ba sai wajen goma. Muna da yawa, ruwan da aka tanada kuwa leda biyu ce ta fiya wata. Akwatin magani ban gan shi ba har muka rabu.

Hawan ya yi sauƙi, domin hawa ba ya ɓatar da mutum, sama kawai kake nufa. A saukowa ne ja-goran ya tona kansa. Ya bi da mu ta wani gefe, muka iske falale mai gangara wanda babu abin kamawa, ya ce mu koma, muka koma, ya sake bin wata hanya ta ɓulle da mu wuri ɗaya. Rana ta take, ruwa ya ƙare. 'Yar yayata ta zame ta yi targaɗe a idon sawu, ta zauna tana kuka tana cewa, "Kawu, ba zan iya takawa ba." Yarinyar da uwarta ta ba ni amana da safe. Har yau idan na tuna wannan zaman nata a kan dutse mai zafi sai gabana ya faɗi.

Allah ya kawo wani dattijo da ke yankan ciyawar awaki a ƙasa da mu. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wa ya biyo da ku ta nan?" Na ce, "Baba, ja-gora ne." Ya ce, "Nan ko akuya ba ta bi." Ya ajiye laujensa ya hawo, ya nuna mana wata 'yar hanya tsakanin duwatsu biyu da ba za mu taɓa ganinta ba, muka goya yarinyar muka sauka. Shi kuwa ja-goran namu, daga baya ya amsa cewa sau ɗaya ya taɓa hawa, shi ma bin wasu ya yi. Waɗanda suka karɓi kuɗin ba su sake ɗaukar wayata ba.

Tun daga ranar, da ɗan gari nake cin gari. Ja-gorana mutumin gindin dutsen ne, wanda ya yi kiwo a kansa yana yaro. Ba shi da riga mai tambari, ba shi da shafi a intanet, amma ya san kwazazzabon da zuma ta yi saƙa, ya san inda maciji ke shan hantsi, ya san gefen da ake fasa dutse a ƙasa, kuma ya san ranar da zai ce maka yau kada a hau. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ba za ka taɓa ji daga bakin wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutum talatin ba. Hanyar samun irinsa ba wuya: ka je kwana ɗaya kafin ranar, ka gaida mai unguwa, ka faɗi ko kai wane ne da ku nawa ne, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san dutsen. Ta haka ne kuma 'yan sa-kai na yankin za su san akwai baƙi a sama, wanda a halin da muke ciki ba ƙaramin abu ba ne. Ku yi ciniki a gaban shaida, ka ba da rabi, rabi idan an sauko, kuma ka kyautata masa, don ya bar gonarsa ne saboda kai.

Ba duk masu shirya tafiyar rukuni ne macuta ba, kuma ga 'yan mata ko baƙon da bai san kowa ba, rukuni yana da amfani. Amma ka tantance. Ka ce a turo maka bidiyon tafiyar da ta wuce, mai fuskar shi mai maganar a cikinsa, ba hoto ba. Hoto daga ko'ina ake kwaso shi, na sha ganin hotunan duwatsun Obudu da Idanre na kudancin Najeriya an liƙa musu sunan Kufena. Ka tambayi ja-goran ɗan ina ne, ta ina za a hau, ta ina za a sauko. Wanda ya san dutse zai ba ka amsa nan take, wanda bai sani ba zai ce kada ka damu. Ka tambayi mutum nawa ja-gora ɗaya zai riƙe. Idan layi ya yi tsawon da na gaba ba ya jin kiran na baya, babu mai kula da kowa. Ka tambayi ƙarfe nawa za a fara hawa, ba ƙarfe nawa za a haɗu ba. Kuma duk wanda ya matsa maka da cewa gurbi biyu ya rage, ka tura kuɗi yanzu-yanzu, ka bar masa gurbin. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai ka ga mota da idonka.

A gindin dutse ma akwai nasu. Wani zai tare ka ya ce kuɗin shiga, ba rasit ba shaida; ka ce ku je wajen mai unguwa tare, za ka ga ya sassauta. Wani zai ce shi jami'in tsaro ne, sai an biya shi ya raka ku. Wani kuma ɗan tatsuniya ne, kowane rami a dutse ya ce sawun dokin Sarauniya Amina ne, kowane kogo ɗakinta ne, ya miƙo hannu. Tarihin wajen ya isa da kansa, ba ya buƙatar ƙari, kuma abin yana ba ni haushi idan na ji yara 'yan makaranta suna rubuta irin wannan a littafinsu.

Har takalmi akwai na jabu. Kambas sabo fil mai babban suna da araha, tafinsa roba ce mai sheƙi, a kan falale kamar sabulu take. Irinsa ne a ƙafar 'yar yayata ranar nan, ni na saya mata. Gara ka shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ka nemi mai tafi mai zane mai zurfi, ba mai ƙyalli ba, ka lanƙwasa shi ka ga bai tsage ba, ka sa shi kwana biyu a gari kafin ranar. Silifas da takalmin fata ka bar su a gida. Ruwa kuma kada ka dogara da alkawarin kowa, ka ɗauki naka, aƙalla lita 2, da dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu.

Wanda na fi tsoro duk cikinsu shi ne mai cewa yana da maganin maciji, ya ba ka ka haɗiya ko ka ɗaura, wai ko kububuwa ta sare ka ba komai. Mutum ya sha wannan sai ya riƙa cusa hannu a kowane ƙoƙon dutse. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, kuma allurar kashe dafi a asibiti take. Idan abin ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya; a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauko mutumin a sauko da shi zuwa asibiti. Ka tambayi ja-goranka tun a ƙasa me zai yi idan maciji ya sari wani. Idan ya ce asibiti, ku hau. Idan ya ciro laya daga aljihu, ka nemi wani.