Rediyo mai memori don sauraron Littafi Mai Tsarki a kicin

Ƙaramar rediyon nan mai cin memori da ake samu a shagunan kayan waya ta fi wayar hannu dacewa da kicin. Wadda na yi amfani da ita tana da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9 da batiri mai caji da ake kira 18650, kuma irinta nake ba 'yan Zumuntar Mata shawara su nema. Ba ta cin data, kira ba ya katse karatu, ana kuma danna ta ko da hannu duk ƙullu.

Amfaninta duka ya rataya ne a kan yadda aka shirya memorin. Mai 8GB ya ishi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Kada a sayi wanda ya wuce 32GB, domin manyan sukan zo da tsarin ajiye fayil da ake kira exFAT, yawancin rediyoyin nan kuwa tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa. Sai a saka, allo ya nuna babu komai, a ɗauka rediyon ce ta lalace.

Matsala ta biyu ta fi ɓata rai. Da yawansu ba sa bin sunan fayil, suna bin yadda aka jera su ne lokacin turawa. Idan mai shago ya kwashe duka ya zuba a lokaci guda, za a ji Matiyu 5 sai ga Romawa 9 a bayanta. A sa shi ya goge memorin tas, ya tura littafi bayan littafi, kowace sura da lamba a gaba: 001, 002, har 260 idan Sabon Alkawari ne. A haka Markus 1 tana lamba 29, Luka 45, Yahaya 69, Ayyukan Manzanni 90, Romawa 118. Idan duka surori 1,189 ne, Zabura 1 tana 479, Matiyu 1 tana 930. A rubuta waɗannan a takarda a manna a bayan rediyon, domin su ne lambobin da za a danna a kai ga littafin da ake so.

Muryarta ta ishi lokacin gyaran wake, tsinkar alayyafo ko tuƙin tuwo. Da an tayar da blenda ko an jefa albasa cikin mai, shi ke nan, ba a jin komai. Kuma ba kowane littafi ne ke shiga kunne hannu yana aiki ba. Farawa, Rut, Luka da Ayyukan Manzanni labari ne, suna tafiya da mutum. Romawa da Ibraniyawa kuwa hujja ce a kan hujja, aya ɗaya ta wuce ki kina duba miya, sauran sun kuɓuce. Waɗannan a bar su sai an zauna da littafi a buɗe.

Abin da ke kashe ta da wuri shi ne tururi da hayaƙin mai: suna toshe ramukan sifika, murya ta dushe. A rataye ta nesa da murhu, a riƙa share ramukan da busasshen buroshin haƙori. Batirin da take zuwa da shi yakan yi saurin sanyi, amma ana cire shi a sa wani. Kafin a biya kuɗi, a kashe ta a tsakiyar sura a sake kunnawa. Idan ta koma farkon memori maimakon inda ta tsaya, a nemi wata.