Firinta ɗaya, kwamfuta iri uku: Brother HL-L2350DW a shagonmu

Shagonmu na buga takardu yana Yelwa, kusa da jami'ar ATBU a Bauchi, kuma kowa da irin kwamfutar da yake zuwa da ita. Tawa Windows 11 ce, ta ƙanena Ubuntu, wasu malamai kuma MacBook suke riƙewa. Shi ya sa na sayi wannan firintar leza mai buga baƙi da fari.

Abin da ya fi burge ni, ba sai an jona ta da wata kwamfuta da za a bari a kunne ba. Na haɗa ta da Wi-Fi ɗin shago, shi ke nan. MacBook ta gan ta nan take ta AirPrint, wato tsarin Apple na buga takarda ta Wi-Fi, a Ubuntu kuma CUPS, tsarin da ke kula da buga takardu a can, ya zaƙulo ta da kansa. Windows ce kawai na saka wa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, daga shafin kamfanin, don in riƙa buga gaba da baya yadda nake so. Rannan wata malama ta turo shafi 40 daga wayarta, kafin ta gama gaisawa da ƙanena takardun sun fito da ɗuminsu.

Amma a ba firintar lambar IP ta dindindin, wato adireshinta a kan Wi-Fi, a rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin. In ba haka ba, idan aka ɗauke wuta lambar na iya canzawa, Windows ta daina ganinta. Firintar leza tana jan wuta sosai lokacin ɗumamawa, don haka mu janareta muke tayar mata. Mai son buga hoto mai launi kuwa, ya nemi wata.