Memorin koyarwa kan wasiƙar Galatiyawa, ga ra'ayina

Jama'a akwai wani memori da ake saidawa a shagon littattafan Kirista nan Jos, koyarwa ce da Hausa kan wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura shidan duka, sai dai ka sa a waya ko ƴar rediyo ka saurara.

Gaskiya malamin ya iya bayani. Inda ya fi kama ni sura 3 ne, yadda ya nuna Ibrahim ya gaskata Allah aka lissafta masa adalci tun a Farawa 15:6, kaciya ma sai a Farawa sura 17 ta zo, Shari'ar Musa kuwa bayan shekara 430, to ta yaya abin da ya zo daga baya zai soke alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim? Ya kuma daɗe kan rigimar Antakiya, lokacin da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron masu kaciya har Bulus ya tsawata masa gaban kowa. Malamin bai zagi Shari'ar Musa ba fa, cewa yayi aikinta ta nuna mana zunubi ta kai mu ga Almasihu.

Abin da bai min daɗi ba, Yaƙub sura 2 taɓawa kawai yayi ya wuce, alhali nan ne matasanmu suke rikicewa kan bangaskiya da ayyuka. Sannan ƙarar janareto tana shiga sosai a koyarwar Galatiyawa sura 5, sai ka manna wayar a kunne.

Duk da haka ku saya, musamman iyayenmu da karatu ke musu wuya.