Nodumax a gonar waken suya, bayan gwajin damina ɗaya

A daminar da ta wuce na sayi ƙunshin Nodumax a cikin birnin Katsina domin in gwada shi a gonata ta waken suya. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ce ke haɗa shi, kuma duk da cewa masu shago na jera shi kusa da buhunan Kamfa da yuriya, ba taki ba ne. Baƙin gari ne mai ɗauke da bakteriya masu rai, wanda ake cuɗanya shi da iri bayan an ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro, a shanya a inuwa, a shuka a ranar.

Na raba gonar biyu, na sa wa kowane ɓangare takin Sufa daidai wa daida, amma rabi kaɗai ya samu garin. Bayan kimanin mako shida na tuge 'yan tsiro daga ɓangarorin biyu, sai na tarar saiwar da aka yi wa garin cike da ƙululu, kuma da na tsaga su da farce cikinsu ja ne kamar nama. Wannan jan shi ne shaidar da nake nema, domin launin wani furotin ne da tsiron ke samarwa don ya riƙe iskar oksijin, kada ta lalata inzayim ɗin naitirojinas, wato sinadarin bakteriyar da ke cikin ƙululun, wanda shi ke mayar da naitirojin na iska, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, zuwa abincin shuka.

Dalilin wannan rashin jituwa da oksijin daɗaɗɗe ne. Alamun da aka samu a duwatsun Afirka ta Kudu da Ostireliya sun nuna cewa ana wannan aiki na sarrafa naitirojin tun shekaru biliyan 3.2 da suka shuɗe, alhali oksijin bai yawaita a sararin duniya ba sai wajen shekaru biliyan 2.4. A jami'ar Wisconsin ta Amurka, Betül Kaçar da abokan aikinta sun kwatanta jerin ƙwayoyin gado na naitirojinas iri-iri da ke raye yau, suka ƙiyasta yadda na kakanninsu yake, suka ƙera shi suka dasa a cikin bakteriyar Azotobacter vinelandii, kuma ya yi aiki. Ni dai, a matsayina na malamin kimiyya, wannan ya fi farashin ƙunshin burge ni, ko da yake farashin ma bai kai kusa da na buhun yuriya ba.

Ƙorafina yana kan shago ne. Wanda na fara shiga ya baje ƙunshin a bakin ƙofa cikin zafin watan Mayu, da na ce masa, "Alhaji, ai abin nan rai gare shi, rana kashe shi take yi," sai ya yi murmushi kawai. Na wuce wani shagon da ke ajiye nasa a wuri mai sanyi, na duba ranar ƙarewar wa'adi kafin in biya.

A lokacin girbi, rabin da ya samu garin ya fi ɗayan kauri da cikar kwanso. An yi shi ne domin waken suya, saboda haka ban sa shi a farin wake ba, kuma bana zan yi wa gonar duka.