Ɗakin 12 da 12 ko falo: ina ya fi dacewa a ajiye sifika?

Wani ɗan'uwa daga Tumfure a Gombe ya ce ya sayo sifika biyu dogaye masu tsayawa a ƙasa, yana tambaya: ya kai su ƙuryar ɗakinsa mai ƙafa 12 da 12, ko ya bar su a falo mai ƙafa 12 da 16? Ya ce ɗakin da kafet, falon kuwa tayil ne da silin POP.

Ɗan'uwa, falon zan zaɓa maka, ga dalilina.

Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Duk inda bango biyu suka fuskanci juna, akwai wata ƙarar ƙasa, wato bes, da take kai da komo tsakaninsu tana taruwa. A tazarar ƙafa 12, wannan ƙara tana faɗawa wajen 47 Hz, wato kaɗawa 47 a daƙiƙa ɗaya. To ɗakinka tsawo da faɗi ɗaya ne, saboda haka 47 ɗin nan sau biyu take hawa kan kanta. Abin da za ka ji shi ne, wani bugun ganga ya cika ɗaki kamar ana daka a maƙota, na kusa da shi kuma ya ɓace. Ka jingina da bango bes ya dame ka, ka dawo tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. Kafet ba ya maganin wannan, siraran sautuka kaɗai yake iya shanyewa.

A falo kuwa faɗin yana ba da 47, tsawon ƙafa 16 yana ba da wajen 35. Tunda sun rabu, babu wadda take danne sauran.

Sannan akwai maganar wuri. Ka jera sifikun ta gajeren bango, fuskarsu ƙafa 3 daga bangon da ke bayansu, ƙafa 2 daga na gefe, tsakaninsu ƙafa 8. Kujerarka ta zauna ƙafa 10 daga bangon gaba, wato wanda ke bayan sifikun, ka ga daga kunnenka zuwa kowace sifika ƙafa 8 ke nan, daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Ka ɗan karkato da su su dube ka, ƙaramar sifikar da ke sama ta yi daidai da kunnenka in kana zaune. In ka dace, muryar mawaƙi ko mai karatu za ta fito daga tsakiya, inda babu sifika ko ɗaya.

Na san mu nan kowa kujerunsa manne suke da bango, sifika kuma a cusa ta lungu gefen talabijin don kada yara su ture. Lungun nan shi ne mafi muni, musamman in sifikar tana da ramin iska ta baya.

Inda ɗakin ya fi falo shi ne ƙarancin amsa-kuwwa. Tayil da filasta da POP duk mayar da sauti suke yi; tafa hannu a falon za ka ji. Amma wannan ciwo ne mai araha: kafet mai kauri tsakanin kujera da sifiku, labule mai nauyi a tagogi, ga kushin ɗinka ma yana taimakawa. Ciwon bes na ɗaki kuwa daga tsawo da faɗinsa ya taso, ya fi wuyar magani. Lokacin zafin Maris da Afrilu in ka buɗe tagogi amon zai ƙara raguwa, sai dai maƙota za su sha kiɗa tare da kai.

In uwargida ta hana falon, to ɗakin ya fi son ƙananan sifiku a kan abin ɗora su, tsakaninsu ƙafa 6, kai kuma ka zauna wajen ƙafa 7 da rabi daga bangon gaba, ka bar ƙofa a buɗe. Dogayen da ka riga ka saya za su yi, amma sai ka rage musu bes, kuma kada ka ƙara wufa, wato sifikar bes, a ɗakin nan.